Jini Mai Danƙo



Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran Hausa ya san cewa rashin lafiya na daga cikin manyan kayan aikin marubuci. In ana son raba masoya, sai ciwo ya kwantar da ɗaya daga cikinsu. In ana son tona asirin muguwar kishiya, sai a wayi gari ɗan amarya ya faɗi, hannu da ƙafa sun shanye, baki ya karkace. In kuwa haƙurin mace ake son nunawa, sai a bar ta ta yi ta ɓari shekara da shekaru, dangin miji suna yi mata habaici. Ciwon yakan zo a shafi guda, kafin a juya shafi na gaba an riga an san wanda ya jefo shi. Masu karatu kuma, ko a takarda suke karantawa ko a waya, sukan ɗauki abin da suka gani a labari su auna rayuwar gidajensu da shi, domin kuwa a wurin mutane da yawa littafin hira shi ne makarantar da ta rage musu bayan sun bar aji.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mujallarmu, duk da cewa ba ta likitoci ba ce, bayanin wata cuta wadda take iya haddasa shanyewar yaro da ɓarin mace duka biyu, wadda kuma ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Likitoci suna kiranta ciwon antifosfolifid, ko kuma ciwon Hughes, da sunan likitan Ingila da ya fara bayyana ta. Shi kansa, idan yana yi wa marasa lafiya bayani, yakan kwatanta ta da jini mai danƙo.

Ba a littafi muka fara saninta ba. Ɗiyar ƙanwarmu ce, tana 'yar shekara 12, ta yi zazzaɓi mai zafi cikin bazara, ta kwana goma a kwance, abinci ba ya shiga, ruwa ma sai an matsa mata. Zazzaɓi ya sauka, ana murna, sai ƙafarta ta hagu ta kumbura tun daga ƙwauri har cinya, ta yi zafi, ta yi tauri, ba ta iya taka ta. Nan fa kowa ya zama likita. Kakarta ta ce targaɗe ne, a kai ta wurin maɗori. Wata maƙwabciya ta ce ta tsallaka abin da aka binne ne a hanyar Islamiyya. Wani ɗan'uwa ya ce amosanin jini ne, wato sikila, alhali kuwa an gwada ta tun tana ƙarama an ga ba ta da shi. Mai kemis ya ba da maganin ciwon jiki da man shafawa. Uwar yarinya ce ta tsaya kai da fata sai an je babban asibiti, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A can aka ɗora mata na'urar nan da ake duba masu ciki da ita, aka bi jijiyar cinya, sai ga gudan jini ya toshe babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Abu na farko da likitar ta faɗa shi ne kada wanda ya murza ƙafar nan ko ya yi mata tausa, domin gudan yana iya ɓallewa, jini ya kwashe shi ya bi da shi ta zuciya ya je ya toshe hanyar huhu, wannan kuwa kan kashe mutum cikin ɗan lokaci. Aka kwantar da ita, aka fara yi mata allurar hefarin. Amma likitar ba ta tsaya nan ba. Ta ce gudan jini a jijiyar dattijo ba abin mamaki ba ne, a jijiyar 'yar shekara 12 kuwa, wadda ba a yi wa tiyata ba, ba ta karye ba, ba ta da ciwon daji, dole ne a nemi dalili. Aka ɗebi jini aka aika gwaji, bayan wata uku aka sake ɗiba, sau biyun duka sakamako ya nuna abu guda.

Ranar da aka faɗa mana sunan ciwon, yarinyar ta saurari likita har ta gama, da muka fito sai ta ce, "Kawu, wai jinina ne ya lalace?" Muka ce, "A'a, uwata, saurin daskarewa ne kawai ya yi masa yawa." Ta ce, "To wa ya sa shi?" Tambayar nan ta biyu ita ce ta sa mu bin likitoci da tambaya da kuma karance-karance, amsarta ce kuma muke son mu ba ku gwargwadon hali.

Daskarewar jini rahama ce. Idan yaro ya yanke da reza, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini sukan ruga su manne a bakin raunin, sa'an nan wasu sinadarai da hanta take sarrafawa su tayar da juna ɗaya bayan ɗaya, har su saƙa wani zare mai kama da raga wanda yake kama ƙwayoyin jini ya zama toshiya. Ba don haka ba, da kaciya ko faɗuwar haƙori sun isa su kashe yaro. Har ila yau jiki yana da wasu sinadaran da ke taka wa wannan aiki birki, don kada daskarewar ta wuce bakin rauni ta shiga inda jini ya kamata ya gudana.

A ɗaya ɓangaren kuma garkuwar jiki tana ƙera wasu sinadarai waɗanda malaman kiwon lafiya kan kira sojojin jiki. Aikinsu shi ne su gane baƙo, kamar ƙwayar cutar ƙyanda, su manne mata har a hallaka ta. A wasu mutanen sai garkuwar ta rikice ta ƙera sojojin da ke kai wa jikin mai su hari. A wannan ciwo da muke magana, abin da suke hari shi ne wani furotin na cikin jini, mai suna beta-2 gilaikofurotin na ɗaya, wanda ke manne wa wani irin maiƙo da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta. Sunan maiƙon fosfolifid, daga nan ne ciwon ya samo sunansa. Idan sojojin suka kama furotin ɗin a bangon jijiya ko a jikin ƙwayoyin toshiya, sai su zuga su, su kuma raunana birkin, jini ya zauna cikin shirin daskarewa a inda babu rauni. Mutum yana iya ɗauke da su shekaru ba abin da ya same shi, sai ranar da dalili na biyu ya zo, kamar zazzaɓi mai tsanani, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko doguwar kwanciya, ko tiyata, ko juna biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Tarihin gano ciwon ma abin sha'awa ne ga mai son labari. A 1906 August von Wassermann ya fito da gwajin jini na gano tunjere a ƙasar Jamus. A 1941 wata masaniya a Amurka, Mary Pangborn, ta ware sinadarin da gwajin ya dogara da shi daga zuciyar saniya, aka sa masa suna kadiyolifin. Da aka yi ta gwada ɗimbin jama'a, sai aka lura akwai waɗanda gwaji yake nuna suna da tunjere alhali ba su da ita, daga baya kuma wasunsu, musamman mata, sukan kamu da cutar lufus, wadda ita ma rikicewar garkuwar jiki ce. A 1952 likitoci biyu, Conley da Hartmann, suka ba da bayanin wasu masu lufus waɗanda jininsu yake jinkirin daskarewa a kwalbar gwaji. Saboda haka a 1972 aka raɗa wa abin da ke jawo jinkirin suna mai ma'anar abin hana daskarewar jini na lufus. Hausawa sun ce suna linzami ne, to wannan linzamin ya karkatar da mutane, domin abin da yake jinkirta daskarewa a kwalba shi ne yake jawo ta a jikin mutum, bugu da ƙari da yawa daga masu ɗauke da shi ba su da lufus. Har yau sunan yana nan bai canza ba.

A 1983, a asibitin Hammersmith da ke Landan, Graham Hughes ya haɗa gutsattsarin nan wuri guda, ya nuna cewa toshewar jijiyoyi da ɓari a kai a kai da ciwon ƙwaƙwalwa suna iya fitowa daga tushe ɗaya. A shekarar ce kuma Nigel Harris, ɗan ƙasar Gayana da ke aiki tare da shi, da abokan aikinsa suka fito da gwajin da ke auna sojojin kai tsaye. A 1990 aka gano cewa furotin ɗin da muka ambata shi ne ainihin abin harin. Masana sun zauna a Sapporo ta ƙasar Jafan a 1998 sun tsara sharuɗɗan gane ciwon, aka gyara su a taron Sidni ta Ostareliya, aka buga gyaran a 2006, sa'an nan a 2023 ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da na Turai suka fito da sababbi. Sharuɗɗan nan a kan manya aka gina su, ɗaya daga cikin ginshiƙansu ma matsalar juna biyu ce, wadda ba ta shafi yaro ba. Don haka a 2017 wasu likitocin yara na Turai suka fitar da shawarwari na musamman a kan yadda za a gano ciwon a kuma kula da shi a jikin yara.

Me ya bambanta yaro da babba? Allah ya yi wa yaro kariyar da babba ba shi da ita. Bangon jijiyarsa sumul yake, bai sha taba ba, kitse bai taru masa a hanyar jini ba, kuma jininsa bai kai na babba saurin ƙulla toshiya ba. Ƙididdigar da aka buga a Kanada a 1994 ta nuna cewa kimanin yara 7 ne cikin miliyan guda suke samun gudan jini a jijiyar mayar da jini a shekara, alhali a manya abin ya kai wajen mutum 1 cikin 1,000. Akasarin yaran da abin kan sama kuwa masu jinya ne a asibiti waɗanda aka zura wa robar ƙarin ruwa ko magani a babbar jijiya. Shi ya sa idan yaron da ke gidansu, yana wasansa, ya wayi gari da gudan jini, likitan da ya san aikinsa ba ya sallamarsa sai ya binciki sanadi, ciwon antifosfolifid kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ake nema.

A 2008 wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Tadej Avcin na ƙasar Sulobeniya suka buga bayanin yara 121 masu wannan ciwo daga ƙasashe 14. Matsakaicin shekarun da ciwon ya fara bayyana a jikinsu bai kai 11 ba. Kashi 60 cikin 100 gudan jinin ya fara ne a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, galibi a ƙafa, wasu kuma a jijiyoyin cikin ƙoƙon kai. Kashi 32 cikin 100 ya toshe musu jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya ne, mafi yawa na ƙwaƙwalwa, wato shanyewar ɓarin jiki ke nan. Kusan rabinsu suna da wata cutar garkuwa tare da shi, yawanci lufus, sauran rabin kuwa shi kaɗai ne. Wani abin lura shi ne maza 56 ne mata 65, kusan kunnen doki, saɓanin manya inda mata suka fi yawa nesa ba kusa ba. Kuma waɗanda ciwon ya zo musu shi kaɗai sun fi ƙanƙanta, sun kuma fi fuskantar shanyewar jiki.

Ban da gudan jini, akwai wasu alamun da kan zo tare da shi ko su riga shi zuwa. Akwai ƙarancin ƙwayoyin toshiya, da ƙarancin jini saboda fashewar jajayen ƙwayoyi, da ciwon ɓarin kai mai dawowa, da farfaɗiya, da wani zane mai kama da raga a fata wanda yake da wuyar gani a jikin baƙin mutum. Akwai kuma wani motsi da gaɓoɓi da fuska ke yi ba da son yaro ba, hannu yana fizga, kafaɗa tana ɗagawa, kamar mai rawa ba kiɗa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san fassarar da za a fara yi wa yarinyar da aka gani cikin wannan hali. Akwai kuma nau'i mafi muni, wanda Ronald Asherson, haifaffen Afirka ta Kudu, ya bayyana a 1992, inda ƙananan jijiyoyi ke toshewa a sassa uku ko fiye, kamar ƙoda da huhu da ƙwaƙwalwa, cikin mako guda. Bai kai mutum 1 cikin 100 na masu ciwon yake samu ba, amma a yara sau da yawa zazzaɓin ƙwayar cuta ne ke tayar da shi, kuma shi ne kan zama bayyanar ciwon ta farko.

A ƙasarmu idan yaro ya shanye, sikila ake fara zargi, kuma da gaskiyar masu zargin, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Nijeriya kowace shekara, shanyewar jiki kuwa na daga cikin manyan illolinta. Inda gizo ke saƙar shi ne idan gwaji ya nuna yaron ba shi da sikila. Daga nan ne mutane kan ce ai ba ciwon asibiti ba ne, a koma gida. Alhali a daidai wurin ne ya kamata bincike ya fara.

Sai dai kuma kada tsoro ya wuce gona da iri. Ba duk yaron da aka samu da sojojin nan a jininsa ne yake da ciwon ba. Yara suna yawan kamuwa da cututtuka, garkuwarsu kuma takan ƙera irin waɗannan sojoji na ɗan lokaci bayan ƙarambau ko zazzaɓin cizon sauro ko wasu cututtukan, su ɓace da kansu ba su yi ɓarna ba. Wannan ne dalilin da ya sa ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai an maimaita bayan aƙalla mako 12 an sake samunsu, kuma ga alamar ciwo a jiki. Gwaje-gwajen iri uku ne, wanda aka samu da ukun duka shi ya fi kowa haɗari. Jaririn da uwarsa take da ciwon yana iya karɓar sojojin ta mabiyiya, amma da wuya su jawo masa gudan jini, kuma sukan gushe cikin watanni. Ciwon ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya, ba a kuma gadonsa kai tsaye yadda ake gadon sikila. Wani abin da ya kamata iyaye su sani, a wannan zamani na gwaji kafin aure, shi ne mai wannan ciwo gwajin farko na tunjere yana iya yi masa ƙarya. Akwai gwaji na biyu mai tantancewa. Kafin a ɓata sunan 'yar mutane, a yi shi.

Magani kuwa akwai shi, ko da yake ba ya korar sojojin, hana su ɓarna yake yi. Ana farawa da allurar hefarin, sa'an nan a koma ƙwayar wafarin, wadda take hana hanta amfani da bitamin K wajen sarrafa sinadaran daskarewa guda huɗu. Ita ma tana da nata labarin. A shekarun 1920 shanu sun yi ta mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta yi fumfuna. Karl Link da ɗalibansa a jami'ar Wiskonsin suka gano sinadarin da ke jawo haka, daga gare shi aka haɗa wafarin, aka fara sayar da ita a matsayin maganin ɓera a 1948, aka amince da ita ga ɗan Adam a 1954. Mun kawo wannan ne domin a unguwarmu ma sai da wani mai ɗan karatu ya yaɗa cewa gubar ɓera ake ba yarinya. Ƙwarai asalinsu ɗaya, amma awo shi ne ya raba magani da guba, shi ya sa ake yi wa mai shan wafarin wani gwajin jini da ake kira INR a kai a kai, ana so lambarsa ta tsaya tsakanin 2 da 3. In ta yi ƙasa gudan jini zai iya dawowa, in ta yi sama jini zai iya ɓallewa.

Tsayar da lambar nan a jikin yaro aiki ne ja, domin yana girma, nauyinsa yana canzawa, yau ya ci gobe ya ƙi. Ganyaye irin su zogale da alayyafo suna ɗauke da bitamin K mai yawa. Ba a hana cin su, abin da ake so shi ne a riƙa ci daidai wa daida, kada wannan mako a cika kwano da kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa a daina ɗungurungum. Magungunan da muke saye a kemis ba tare da takarda ba, irin su Flagyl da Septrin, suna ƙara wa wafarin ƙarfi, maganin tarin tibi mai suna rifamfisin yana rage mata, magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen kuwa suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma sai an faɗa wa likita. Ƙaho da tsaga da cire belu da kaciya da cire haƙori, duk abin da zai fitar da jini, ba a yinsa sai da saninsa. Haɓo mai ƙin tsayawa, ko jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko haila mai yawa ga 'yammata, ko buguwa a kai, asibiti ake nufa nan take. A lokacin zafi a yawaita shan ruwa, a doguwar tafiya a riƙa saukowa ana miƙe ƙafa, batun azumi kuma a tambayi likita a tambayi malami.

Shan maganin na dogon lokaci ne, muddin sojojin suna nan. Cikin yaran nan 121, kusan ɗaya cikin biyar gudan jini ya sake dawo musu. An yi fatan sababbin ƙwayoyin da ba sa bukatar gwaji a kai a kai za su maye gurbin wafarin, amma wani gwaji da aka yi a kan manya a Italiya, aka buga sakamakonsa a 2018, sai da aka dakatar da shi kafin lokaci, saboda masu gwaji uku da aka ba ribaroksaban sun fi masu shan wafarin samun toshewar jijiya. Yaron da ke da lufus tare da sojojin, wanda bai taɓa samun gudan jini ba, likita kan ba shi haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin ɗin da muka sani na zazzaɓi, wani lokaci da asfirin ɗan kaɗan. Amma kada wani ya karanta wannan ya je ya saya wa ɗansa asfirin, domin tana da nata haɗarin ga yaro mai ƙarambau ko mura mai zafi. Ita dai 'yar tamu ta koma makaranta, tana da ɗan littafin da take rubuta lambar gwajinta, uwarta kuma ta zama gwanar awon ganye a miya.

Yarinya ba ta dawwama yarinya. Wata rana za ta yi aure, a nan ne ciwon yake nuna ɗaya fuskar tasa. Sojojin suna hana mabiyiya kafuwa da kyau, suna toshe ƙananan jijiyoyinta, sai a yi ta ɓari, ko ɗa ya mutu a ciki bayan ya yi girma, ko hawan jinin masu ciki ya zo da wuri har ya kai ga jijjiga. Matar da ta san tana da ciwon, idan aka haɗa mata allurar hefarin da asfirin ɗan kaɗan tun farkon ciki, mafi yawan lokaci takan haifi ɗanta da rai. Wafarin kuwa tana illata ɗan tayi a watannin farko, don haka ake sauya ta da zarar an samu ciki, kuma ya fi kyau a yi shawara da likita tun kafin a samu. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin ba su dace da ita ba, akwai wasu hanyoyin. Ashe ke nan gano ciwon a ƙuruciya yana iya tsare mace daga shekarun da za ta yi ana kiranta mai wabi, yana kuma iya tsare wata baiwar Allah daga zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

To, 'yan'uwa, ina ruwan marubuci da duk wannan? Da farko akwai batun suna. Abin da ba shi da suna a harshen mutane, da sunan wani abin suke kiransa, kuma mun ga sunayen da ake ara masa. Mun yi amfani da jini mai danƙo saboda yana da sauƙin riƙewa, sai dai yana da aibinsa, domin mai ji zai zaci in aka yanke mai ciwon za a ga jininsa yana yauƙi, alhali a ido ba shi da bambanci da na kowa. Ciwon saurin daskarewar jini ya fi kusa da gaskiya, amma ya yi tsawo, ya kuma haɗa da wasu cututtukan. Muna roƙon masana harshe da likitocin da ke cikin wannan ƙungiya su zauna su auna, kada mu ma mu ɗaura wa ciwon linzamin da zai karkatar da jama'a kamar yadda aka yi a 1972.

Sa'an nan akwai batun labari. Ba muna cewa a mayar da littafin hira takardar asibiti ba ne, ba kuma muna musun abin da addini ya tabbatar ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa addu'a da neman magani tare suke tafiya. Abin da muke cewa shi ne, marubucin da ya kwantar da yaro a labarinsa yana da zaɓi, kuma zaɓin nan yana bin mai karatu har gida. Wata uwa za ta tuna abin da ta karanta ranar da ƙafar ɗanta ta kumbura, ta yanke shawarar inda za ta fara kai shi. Ga mai neman abin da zai riƙe mai karatu kuwa, gaskiyar ciwon nan ba ta rasa shi ba. Akwai uban da albashinsa bai isa kuɗin gwaji da kuɗin mota zuwa birni ba, yana tunanin ko a tsallake na wannan wata. Akwai 'yar makarantar kwana da ke ɓoye ƙwayarta a ƙasan akwati don kada a ce tana da wata cuta. Akwai budurwar da ke auna ko ta faɗa wa manemi tun yanzu ko ta yi shiru, da uwargidan da aka yi shekara goma ana nuna ta da yatsa kafin takardar gwaji ta wanke ta. Ga ƙananan marubuta musamman, kafin ku sa wa tauraronku ciwo, ku sami likita ko ma'aikaciyar jinya ku zauna da su, ku tambayi yadda yake farawa da yadda ake gane shi da abin da maganinsa yake ci. Matambayi ba ya ɓata.

A ƙarshe, ko ba za a riƙe komai daga wannan rubutu ba, a riƙe wannan. Yaron da ƙafarsa ɗaya ko hannunsa ɗaya ya kumbura da zafi ba tare da rauni ba, ko numfashinsa ya sarƙe farat ɗaya da ciwon ƙirji, ko bakinsa ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya yi sanyi, ko maganarsa ta harɗe, ko ciwon kai mai tsanani ya haɗu masa da amai da ganin dishi-dishi, kada a murza, kada a jira gobe, a kai shi asibiti ana tafe ana addu'a. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani ga jama'a, amin.